Zaftarewar Ƙasa da ta Dusar Ƙanƙara: Abin da Ya Kamata Iyalanmu Su Sani Game da Tudu



'Yan uwa mazauna Kwala Lamfur da kewaye, abin da ya sa na yi wannan rubutu tambayoyi ne guda biyu da aka yi mini a zama ɗaya bayan sallar Juma'a. Wani bawan Allah yana neman gidan haya a wajen Ampang, ya samu mai sauƙin kuɗi, amma bayan gidan tudu ne a tsaye, yana so ya ji ko da matsala. Wani dattijo kuma ɗansa ne da abokansa na jami'a suka shirya zuwa Japan a ƙarshen watan Maris don su ga dusar ƙanƙara su hau dutse, shi kuwa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Mai sauraro zai ce gabas da yamma ne, amma a wajenmu masu aikin injiniya amsar ɗaya ce. Ko ƙasa ce a kan tudu ko dusar ƙanƙara, ruwa yana cikin abubuwan da ke kwance ta, kuma ruwan da ke yin ɓarnar sau da yawa ya shiga cikinta tun kwanaki ko makonni kafin ranar da abin zai faru.

Mu da muka taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba mu saba da tudu ba. Dala da Goron Dutse su ne iyakar abin da da yawanmu muka hau. Amma mun san wani abu makamancin wannan. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san cewa ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya bai cika kayar da katanga ba. Abin da ke kayar da ita shi ne ruwan watan Agusta, wanda zai kwana uku yana yayyafi har ginin ya sha ya ƙoshi, sannan a wayi gari rana ta fito, mutane sun shanya kaya, sai a ji rugum. To haka tudu yake.

YADDA TUDU KE RIƘE KANSA

Duk abin da ke kan gangare ƙarfi biyu ne ke jayayya a kansa. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, shi kuma kamun da ƙwayoyin ƙasa suka yi wa juna, da saiwoyin itatuwa, suna riƙe shi. Idan ka raba ƙarfin riƙo da ƙarfin ja, lissafin da ya fito shi muke kira ma'aunin aminci. In ya kai 1.5, tudun yana da rara. In ya sauko zuwa 1.0, to ko ƙaramin dalili ya isa ya tayar da shi.

Ruwa yana cin wannan rarar ta hanya biyu. Ta farko, yana ƙara wa ƙasa nauyi. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, yana cika ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya riƙa tura su yana raba su da juna, har kamun ya yi sanyi. Ka ɗora malmalar tuwo a kan busasshen faranti ka karkata shi, za ta tsaya. Ka zuba miyar kuɓewa a ƙarƙashinta ka sake karkatawa, ka san abin da zai biyo baya. Tuwon bai canja ba, farantin ma bai canja ba, abin da ya shiga tsakaninsu ne ya canja.

A nan Maleshiya abin ya haɗu da yanayin ƙasar. Jerin duwatsun Titiwangsa, wanda Genting da Cameron da Bukit Fraser suke kansa, asalinsa dutse ne mai tauri, amma zafi da ruwan dubban shekaru sun ruɓar da samansa ya koma jar ƙasa mai zurfi, a wasu wuraren har kimanin mita 30 kafin a tarar da dutsen. Ga shi kuma ruwan da ke sauka a Kwala Lamfur a shekara ya haura milimita 2,000 da nisa, alhali na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba. Ruwan ya fi yawa sau biyu a shekara: wajen Maris zuwa Afrilu, da kuma Oktoba zuwa Disamba.

ABIN DA YA FARU A GABANMU

Ranar 11 ga Disamba, 1993, bayan an kwana goma ana ruwa, ɗaya daga cikin benaye uku na Highland Towers da ke Ulu Klang, mai hawa 12, ya kife da rana tsaka. Mutum 48 suka rasu. An gano cewa ruwan wani rafi da aka karkatar ta cikin bututu a kan tudun da ke bayan ginin, tare da laka da ke gangarowa daga inda aka sare daji ana gine-gine a sama, ya fi ƙarfin bututun ya ɓalle cikin ƙasa. Ƙasar ta jiƙe, katangar da ke tare ta ta gaza, ta zo ta ture ginshiƙan benen daga ƙasa.

Ranar 30 ga Yuni, 1995, laka da itatuwa suka gangaro kan hanyar hawa Genting a Genting Sempah, suka share motoci, kimanin mutum 20 suka rasu. Ranar 20 ga Nuwamba, 2002, a Taman Hillview, kusa da inda Highland Towers ya faɗi, ƙasa ta rufe gida guda, mutum takwas suka rasu. Ranar 6 ga Disamba, 2008, ana saura kwana biyu Babbar Sallah, da asubar fari tudu ya sauko a Bukit Antarabangsa ya rushe gidaje 14, aka yi asarar rayuka, dubban mutane suka rasa hanyar fita daga unguwarsu. Ranar 21 ga Mayu, 2011, a Hulu Langat, ƙasa ta rufe wani gidan marayu da ake karatun addini a cikinsa, mutum 16 suka rasu, 15 daga cikinsu yara ne.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Batang Kali, ranar 16 ga Disamba, 2022. Bayan ƙarfe biyu na dare, mutane na barci a cikin tantuna a wani wurin shaƙatawa da ke ƙasan hanyar Genting, ƙasa ta zaftaro daga gefen titi ta binne su. Mutum 92 abin ya rutsa da su, aka ceto 61, 31 suka rasu, cikinsu har da yara 13. Da yawansu malamai ne da iyalai daga makarantar firamare ɗaya a Kwala Lamfur, sun fita hutun ƙarshen shekara kamar yadda mu ma muke fita. A daren ba a yi wani ruwan a zo a gani ba. Rahoton binciken da gwamnati ta fitar a 2023 ya nuna cewa ruwan da ya taru a cikin kwana 30 kafin ranar ya haura milimita 400, wato kusan rabin daminar Kano a wata ɗaya. Waɗanda suka kafa tanti sun dubi sama sun ga babu hadari, amma cikin tudun a cike yake.

Duba kwanakin nan da kyau: uku daga cikinsu a Disamba ne, lokacin hutun makaranta, lokacin da muke ɗaukar iyali mu hau tudu shan iska.

DUSAR ƘANƘARA: DARASI ƊAYA, TUFA DABAM

Yanzu mu koma kan tambayar dattijon nan. 'Ya'yanmu da ke karatu a nan suna samun jirgi mai araha zuwa Japan da Koriya ta Kudu, wasu suna zuwa Turkiyya ko Kazakistan, wasu kuma sun wuce karatu Turai da Kanada. Yaron da ya taso bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, in ya gan ta fara fat kamar auduga, ba zai kawo a ransa cewa tana kisa ba.

Dusar da ke kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace zuba tana barin tata shimfiɗar, ɗaya bisa ɗaya, tun daga farkon hunturu. Wata shimfiɗar iska ta daddanne ta ta yi tauri. Wata kuma, musamman wadda ta kwana a fili cikin tsananin sanyi kafin a sake zuba, ƙwayoyinta ba sa kama juna, sai ka ga kamar sukari. Idan shimfiɗa mai tauri ta hau kan mai kama da sukari, to ga tuwo ga miyar kuɓewa. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta ƙasan, tsagewar ta ruga cikin ƙiftawar ido, falle guda mai faɗin filin ƙwallo ya taso gaba ɗaya da wanda ke kansa. Gudunsa yakan wuce kilomita 100 a sa'a. Kusan tara cikin goma na waɗanda irin wannan ke hallakawa, su ne da kansu ko wani abokin tafiyarsu suka tayar da ita. Mafi yawanta kuma tana tashi ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daga kwatankwacin matakalar bene zuwa abin da ya ɗan fi ta tsayuwa.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyin ƙasashen arewacin duniya ke ja da baya, wani haɗarin yake ƙaruwa. Rana tana narkar da saman dusar, ruwan yana tsiyaya ciki har ya tarar da shimfiɗa mai tauri ko ƙasa, ya kwanta a kanta, ya kwance duk abin da ke sama. Wannan jiƙaƙƙiyar zaftarewa ba ta kai busasshiya gudu ba, amma tana da nauyi kamar kwaɓaɓɓen siminti, tana tumɓuke itatuwa, tana kuma iya isowa har cikin kwari inda mutum yake tafiya a kan busasshiyar hanya yana ganin ya tsira. Masu hawan dutse suna da ƙa'ida a wannan lokaci. In dare ya yi garau, sanyi ya daskarar da saman dusar, sai a fita da sassafe a dawo kafin rana ta take. Gefen da ke kallon gabas shi ke fara laushi, sai na kudu, sai na yamma. In an kwana da gajimare ko ɗumi, dusar ba ta daskare ba, ko aka yi ruwan sama a kanta, ranar ba ta fita ba ce. In ƙafarka ta fara nutsewa har ta wuce idon sawu, ko ka ga ƙananan dunƙulen dusa suna mirginowa da kansu, lokacin komawa ya riga ya yi.

Kada kuma a ɗauka cewa da shigowar Maris sabuwar dusa ta daina zuba. Ranar 27 ga Maris, 2017, a Nasu da ke lardin Tochigi na Japan, ɗaliban sakandare suna atisayen hawan dutse kusa da wani filin wasan zamiya, bayan an kwana ana zuba sabuwar dusa a kan tsohuwa, gangaren ya taso musu. Ɗalibai bakwai da malami ɗaya suka rasu, wasu kimanin 40 suka ji rauni. Yaran ƙasar ne, tare da malamansu, a wurin da ba shi da nisa da gari.

Wanda dusa ta binne, lokacinsa ƙanƙane ne. Tana tsayawa take daskarewa, ko yatsa ba ya iya motsawa. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa in an tono mutum cikin minti 15, fiye da tara cikin goma suna rayuwa, amma in an kai minti 35, kusan uku cikin goma ne kawai. Ma'aikatan ceto ba sa isowa cikin minti 15, saboda haka abokan tafiya su ne masu ceto. Shi ya sa duk mai fita wajen iyakar filin wasa yake rataya na'urar da ke nuna inda yake a ƙarƙashin dusa, ya riƙe shebur da dogon tsinken lalube, kuma ya koyi aiki da su tun kafin ya fita.

Ƙasashen Turai sun haɗu a kan ma'aunin haɗari mai mataki biyar tun 1993, Amurka da Kanada ma suna da irinsa, ana kuma fitar da sanarwa kullum a lokacin dusa. Abin lura shi ne mataki na 3 ya fi cin rayuka, domin a na 4 da na 5 kowa yana zama a gida, a na 3 kuwa mutane sukan ce ai tsaka-tsaki ne.

Shawarata ga dattijon ita ce: yaro ya je, ya ga ikon Allah, amma ya tsaya cikin filin da hukuma ke kula da shi. Igiya ko allon da aka kafa a bakin fili ba ado ba ne. In har sai ya fita daji, to ya ɗauki jagora mai lasisi, ya kuma duba ko inshorar tafiyarsa ta ƙunshi hakan, domin da yawa ba su ƙunsa ba.

ALAMOMIN DA ZA KA DUBA A GIDA KO MASAUKI

Mu dawo gida Kwala Lamfur. Ƙasa, ba kamar dusa ba, takan yi gargaɗi na kwanaki kafin ta tashi. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka yake. Ga abubuwan dubawa:

1. Tsagewa a ƙasa, ko a kwalta, ko a daɓen siminti a saman tudu, musamman mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ka sa alama da fenti ka auna faɗinta. In tana ƙaruwa, tudun yana tafiya.

2. Itatuwa, ko turakun lantarki, ko shinge da suka fara karkata.

3. Ƙofa ko taga da a da take rufuwa lafiya, yanzu sai an yi kokawa da ita.

4. Katangar tare ƙasa da ta yi ciki, ko ta tsage. Ƙananan bututun da ke jikinta an sa su ne don ruwa ya fita. In ana ruwa sun bushe, sun toshe ke nan, ruwan yana taruwa a baya. In kuma laka suke fitarwa, ƙasar ce ke zubewa daga ciki.

5. Ruwa da ke tsattsafowa daga gindin tudu a inda a da babu, ko ciyawa da ta yi kore shar a wuri ɗaya ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Sau da yawa fasasshen bututun famfo ne a cikin ƙasa.

6. Magudanar ruwa ta siminti da ke sauka a jikin tudu kamar matakala, in ta karye ko ganye da shara sun cika ta. Yawancin gangaren da ke cikin gari hannun mutum ne ya yanka su, kuma rayuwarsu tana ga waɗannan magudanai.

A tsarin wannan ƙasa an kasa gangare gida huɗu: ƙasa da digiri 15, daga 15 zuwa 25, daga 25 zuwa 35, sai wanda ya haura 35, wanda a ƙa'ida ba a yarda a yi gini a kansa ba. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka tambayi ofishin kula da ginin yaushe aka duba tudun, wa kuma ke da alhakin gyaransa. Ka je ka ga gidan ana tsakar ruwa, ka zaga bayansa da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta da mai gadi. Wannan ita ce amsar da na ba mai neman gida a Ampang.

In ka ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ka sanar da hukumar gari, DBKL a cikin Kwala Lamfur ko MPAJ a Ampang Jaya. In a kan babbar hanya ne, ma'aikatar ayyuka ta JKR tana da sashen injiniyoyin gangare, wanda aka kafa a 2004 bayan duwatsu sun rufto a Bukit Lanjan a 2003 sun rufe babbar hanya na tsawon watanni. In kuwa ka ji ƙarar karyewar itatuwa ko rugugi daga sama, ko ƙasa ta fara zubowa, ka fitar da iyali nan take, ku gudu ta gefe ba ta gangare ba, sannan ka kira 999. Kada ka koma ɗaukar fasfo ko mota, domin zaftarewa ta biyu takan biyo bayan ta farko.

IN ZA A FITA HUTU

Hukumar yanayi ta MetMalaysia tana fitar da gargaɗin ruwa mai ɗorewa a mataki uku: Waspada mai launin rawaya, Buruk mai launin ruwan goro, da Bahaya mai launin ja. Yana da kyau kowane gida a san waɗannan kalmomi, tare da tanah runtuh, wato zaftarewar ƙasa, da awas, wato hattara. Amma kada ka tsaya ga hasashen ranar tafiya kaɗai. Ka tambaya yaya aka yi ruwa a wurin cikin makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce.

Kada a kafa tanti a gindin gangare mai tsayi, ko a ƙasan titin da aka cike da ƙasa, ko a bakin kwazazzabo, ko a kan yashin rafi. Ka tambayi masu wurin ko suna da lasisin hukuma. Kada a hau hanyar Genting ko Cameron da daddare ana ruwa in ba dole ba, kuma kada a tsaya ɗaukar hoto a ƙarƙashin yankakken tudu.

Masu zuwa wanka a magangarar ruwa irin ta Kanching ko Sungai Gabai su san abin da mutanen nan ke kira kepala air, wato kan ruwa. Ana iya yin ruwa a can saman dutse alhali inda kuke rana ce, sai ambaliya ta iso cikin 'yan mintuna ɗauke da duwatsu da kututture. Mu ma mun san irinsa a gida, yadda busasshen rafi ke kawowa ba tare da an ga hadari ba. In ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ko ganye da ƙirare suka fara yawa a kansa, ko kuka ji ruri daga sama, ku kwashe yara ku hau gefe, ku bar tabarma da kwanuka.

KAMMALAWA

Na san wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali, kuma iyali amana ce a wuyan mai gida. Mu baƙi ne a ƙasar tudu da ruwa, ba mu gaji sanin halinta daga iyaye ba, saboda haka sai mun koya da gangan, mu kuma koya wa matanmu da 'ya'yanmu, domin su ne suka fi zama a gida lokacin da muke wajen aiki. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya zaga bayan gidansa a ƙarshen makon nan ya duba magudanar ruwa da katanga. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya ɗauki hoto ya kawo wajen taronmu na wata, mu duba tare in sha Allahu.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mu da zuriyarmu a gida da daji, Ya maishe mu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.